Na Wajen Fatna Ya Rubuta Littafi

Ranar da littafin ya iso, ni na fara riƙe shi, ni kuma na rangaɗa guɗa har maƙwabtanmu na unguwar Bani Harisa a nan Madina suka leƙo suna tambaya ko ɗaurin aure ne. Na ce musu wane aure, wannan ya fi. Sa'id ɗan yayana, wanda na goya a bayan nan nawa, shi ya rubuta littafi sukutum da Turanci a can Amurka, aka buga, ga sunansa a bango da ruwan zinare.

Karatun injiniya gwamnati ta tura shi yi a Detroit, ba wanda ya aike shi rubuta labari. Amma tun yana ƙarami haka yake, in aka aike shi baƙala, wato kantin unguwa, sayo burodi, sai ya dawo da burodin haɗe da labarin duk wanda ya gani a hanya. Ya daɗe a can. Ya zo ya auri Sundus, 'yar mutanenmu na Jidda, ya tafi da ita, suka sami 'ya mace aka sa mata sunan mahaifiyarsa, Ƙaltume. Yanzu karatu ya ƙare, aiki biyu na jiransa, ɗaya a can Detroit, ɗaya na koyarwa a nan Madina. Ya ce zai zo hutu idan ɗanyen dabino ya nuna, daga nan ya yanke inda zai zauna. Mu dai ba mu da wata addu'a sai ta ya dawo gida.

To, littafi ya zo, wa zai karanta? Ni Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Ƙanwarsa Marwa ta iya daidai gwargwado, amma yarinyar da in ka yi mata Hausa take amsa maka da Larabci, ita ce za ta juya maka Turanci zuwa Hausa? Sai na tuna da Dakta Hassana, 'yar Zariya, mai aiki a wurin ba da magani na wani asibiti, wadda gidanta ke kallon nawa. Na ɗauki littafin na haura wajenta.

Tana ganinsa ta dafe ƙirji. "Gwaggo Fatna, ɗanki ne ya rubuta wannan? Ai irin waɗannan littattafan su ne abincina!" Ta ja ni ɗaki ta nuna mini kanta guda cike da su. Wannan na 'yan Indiya ne a wani birni, wancan na Somaliyawa a wani, ga na 'yan Sin, ga na 'yan ƙasarta, duk labarin baƙi ne da suka je Amurka neman abinci ko karatu. Ta ce, "Kuma duk wanda kika buɗe, akwai uwa a ciki, tana can gida tana kuka a waya." Na ce to yalla, ta zo mu ji irin kukan da tamu ta yi.

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar, idan ba ta da aiki, Hassana ta zo ɗakin baƙina, in dafa shayi da na'anar Madina, in ajiye dabino. Ta karanta shafi a ranta, ta ɗago ta zuba mana da Hausarta ta Zazzau mai daɗi. Ni, da Marwa, da maƙwabta biyu-uku, sai kuma Yaya Ƙaltume, matar marigayi yayana mai suna Balarabe, uwar marubucin. Ita kullum kusa da ƙofa take zama da carbinta, kamar wadda ta biyo hanya ta tsaya shan iska.

Dole in yi muku bayanin Yaya Ƙaltume. A nan Madina aka haife ta kamar ni, amma kakarta ce ta raine ta, tsohuwar da ta taho daga Haɗeja a ƙafa ta hanyar Sudan, ta kawo al'adunta ɗaure ba ta yar da ko ɗaya a hanya ba. A wurin tsohuwar nan, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Alkunya ke nan. Mu sauran duk mun saki wannan tuntuni, ita kaɗai ta riƙe. Ana yaye Sa'id ta miƙo mini shi, ta koma kiransa "na wajen Fatna". In da ni take magana, sai ta ce "na wajenki". Larabawan unguwa kuwa da sunan ɗan fari suke girmama mace, suna ta kiranta Ummu Sa'id, ita kuma tana yi kamar ba da ita ake ba. Akwai wani mai kayan miya a layinmu da ya yi rashin sa'ar samun sunan Sa'id, shekara da shekaru ba ta taɓa kiransa komai ba sai "bawan Allah".

Farkon littafin dai dariya muka sha har da hawaye. Labarin wani yaro ne, Abdulmajid, baƙar fata ɗan Madina, da ya kama haya a hawa na uku na wani tsohon bene a Detroit. Maƙwabtansa kuwa kowa da inda ya fito. Akwai Bayamane mai gidan mai wanda ke barci a tsaye, akwai 'yar Senegal mai kitso, uwar kowa a benen, akwai wani tsoho ɗan Bangladash da ya shuka kabewa a tsohuwar taya, ta yaɗu ta toshe matakalar gudun gobara. Baƙaƙen Amurka na ganin Abdulmajid sai su ɗauka nasu ne, har sai ya buɗe baki. Larabawa a masallaci kuma su yi masa Turanci, ya amsa musu da Larabcin Hijaz tsantsa, su tsaya suna kallonsa baki buɗe. Nan muka tafa, domin wannan kallon mun san shi tun ba mu je ko'ina ba.

Ranar da aka zo wurin tsire kuwa, sai da na kwanta a kan kafet. Wai kewar gida ta kama yaron ana tsakiyar dusar ƙanƙara, ya hura gawayi a barandar ɗakinsa zai gasa tsire, wanda Larabawan nan suka karɓa daga hannun kakanninmu suke ce masa siriya. Hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɗauki ihu, mutanen bene suka fito a guje da kayan barci, 'yan kwana-kwana suka iso da jiniya. Da suka ga babu wuta sai nama, suka yi masa faɗa sosai, sannan suka cinye tsiren suna hawayen yaji. Na waiwaya na ga Yaya Ƙaltume ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Sai kuma ga ni a ciki! Ya canza mini suna zuwa Gwaggo Asma, amma wa zai ruɗa? Mace mai wushirya, mai muryar da in ta yi magana a Bani Harisa ake ji a gindin dutsen Uhudu. Wai kuma ƙatuwa ce, ba ta shiga mota sai an matsar da kujera. Wannan kam ƙarya ya yi mini, wallahi, cikar jiki ce kawai. Gwaggo Asma ce ke aiko masa da ƙunshi duk lokacin da aka sami mai tafiya: dabinon ajwa, busasshiyar na'ana, yajin tsire, kuka. Idan ƙunshin ya iso sai ya kira duk mutanen hawa na uku, a buɗe tare, ƙamshin Madina ya cika benen. Maƙwabtana suka dinga cewa, "Masha Allah, Fatna, kin shiga littafi."

Ni kuma na karɓi yabon, to me zan yi da shi, in zubar? Amma ni da Yaya Ƙaltume mun san gaskiya. Ita ke zuwa gonarmu ta Awali ta zaɓi dabinon ɗaya bayan ɗaya. Ita ke shanya na'anar a inuwa don kada ta yi baƙi. Ita ke daka yajin da hannunta, ta ƙi injin niƙa wai yana ƙona ƙuliƙuli. Ta ɗaure ta kawo mini ta ce, "Ga shi, ko za ki aika wa na wajenki." Nawa aikin neman matafiyi ne kawai da surutu a waya.

A hankali dariyar ta fara raguwa. Uwar Abdulmajid ta shigo labarin. Duk Juma'a yaron zai kira gida, ita za ta ɗauka ta ce, "Lafiya dai? To madalla. Ga ƙanwarka." Shi ke nan. Ƙanwar kuwa yana jiyo uwar na kiranta da suna, har da lallashi. Na lura Hassana ta fara rage murya, don ita ma 'yar gida ce, ta san abin da ke nan. Wata rana ta haɗa shafi biyu ta juya da dabara.

Daga bakin ƙofa Yaya Ƙaltume ta ce, "Dakta, kin juya biyu a haɗe. Koma baya."

Hassana ta dube ni. Na ce ta karanta, ai ba a ɓoye wa mai abu abinsa.

A shafin nan Abdulmajid ya zame a kan ƙanƙara a ƙofar bene ya karya hannu. Wannan ya faru da Sa'id da gaske, duk mun sani. Mai kitson nan 'yar Senegal ta fito da gudu ba ko takalmi, ta tallafo kansa tana kiran sunansa, tana maimaitawa. Yaron ya fashe da kuka, mutane suka ɗauka zafin karaya ne. Ashe wai tunda aka haife shi bai taɓa jin mace sa'ar uwarsa ta kira sunansa da irin wannan murya ba. Daga nan har ƙarshen littafin maganar ke nan. A shafi na ƙarshe aka ba shi zaɓi, ya koma gida ko ya zauna, sai ya ce zai zauna a inda ake kiran sunansa.

Marwa ta ce, "Ya Allah," ta sunkuyar da kai. Yaya Ƙaltume ta miƙe ta gyara mayafi ta ce bari ta je ta duba tukunya. A gidana fa, inda ba ta ɗora komai ba. Da za ta fita ta miƙa hannu ta ɗauki littafin daga cinyar Hassana ta sa a jaka.

Ni kam raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Yaron nan ba labari kawai ya rubuta ba, sallama yake yi mana. Na taɓa gaya masa tun yana makarantar firamare, ranar da ya dawo yana tambayata me ya sa uwar abokinsa ke ce masa "habibi" a bakin makaranta shi kuma tasa ko kallonsa ba ta yi. Na ce masa al'ada ce. Ya ce to. Ashe kunnensa ne kawai ya ji.

Washegari na sami Yaya Ƙaltume a ɗakin girkinta. Na ce, "Yaya, ke ma dai kin ji. Yaron nan zai zauna a garin ƙanƙara saboda kalma ɗaya. Ki kira shi sau ɗaya mana! Wa zai kama ki? Kakarki tana maƙabartar Baƙi'a tana hutawa, ba za ta taso ba."

Ta ce, "Fatna, kina ganin ban gwada ba?"

"To gwada a gabana."

Ta ajiye ludayi, ta goge hannu, ta tsaya kamar mai shirin kabbara. Ta buɗe baki. Wallahi ina kallo gumi ya tsattsafo mata a goshi, leɓenta na motsi, babu abin da ya fito. Can ta ce, "Astagfirullah. Bakina ya ƙi. Ji nake kamar an ce in fita titi ba mayafi." Na so in yi dariya, na so in yi kuka, sai na ɓige da yi mata masifa. Na ce to ni zan kira shi a waya in fasa ƙwan, in gaya masa wa ke daka yaji. Ta riƙe hannuna gam ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Wai abin da ta yi don Allah ta yi, ba za a je ana tallansa ba. Na rantse ina huci, don Yaya Ƙaltume in ta kafe ko motar daji ba ta ja ta.

Littafin kuwa bai ƙara barin jakarta ba. Ko Harami za mu je salla yana ciki. Na sha shigowa in tarar da ita zaune da shi a cinya, ita da ba ta san ko harafi ɗaya na Turanci ba, tana jan carbi da hannu ɗaya, babban yatsan ɗaya hannun yana kai da komo a ƙasan bangon. Tana ganina sai ta tura shi ƙarƙashin matashi ta hau tambayata farashin tumatir.

Zafi ya shigo, ɗanyen dabinon rutana ya nuna a Awali, baƙinmu suka sauka. Ni na je filin jirgi da Marwa, na rungume Sa'id na yi kukana son raina, na kuma gaya masa maganar matsar da kujerar mota ba ta wuce ba, za mu yi ta daga baya. Da muka iso gida Yaya Ƙaltume na tsaye a tsakar ɗaki, ta sha sabon ɗinki. Ya durƙusa ya sumbaci hannunta ya ce, "Inna." Ta kalli gefe ta ce, "Kun iso lafiya? To madalla." Sai ta zarce wajen Sundus ta karɓe jaririyar. Na ga yadda fuskarsa ta yi, kamar wanda ya zo da ɗan sauran fata aka karɓe.

Da jikar kuwa, tabɗi! Ai kaka ba ta da alkunya da jika. Yaya Ƙaltume da ba a jin muryarta ta koma mai waƙa da rawa. "Takwarata! Kishiyar kwalliya! Wa ya ba ki wannan hanci? Ba'amurkiya mai kumatun burodi!" Ba ta ajiye yarinyar nan sai in za ta yi salla. Shi kuma uban yana zaune a gefe yana kallo yana murmushin da bai kai ciki ba.

Ranar Juma'a muka tafi gonar Awali gaba ɗaya, har da Dakta Hassana, don na ce wadda ta sha wahalar karatu dole ta ci nama. Bayan la'asar rana ta yi sanyi, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dabino kusa da inda ruwa ke gudu. An ci shinkafa da rago, an gasa tsire, aka kawo ɗanyen dabino a faranti yana naso. Hassana ta yi ta yi wa Sa'id tambayoyi a kan littafin, ko mai kabewa mutum ne na gaske, ko 'yan kwana-kwana sun cinye tsiren da gaske. Yana ba ta amsa rabi Larabci rabi Turanci, ana ta dariya. Sai ta tambaye shi aikin da ya zaɓa.

Ya ce da Larabci mutanen Detroit na jiran amsarsa, kuma yana ganin can ɗin ya fi dacewa da shi. Ya saba da wurin, mutanen wurin sun san shi. Yana faɗa yana kallon ruwan da ke wucewa.

Kaina ya yi zafi. Rantsuwa ta ɗaure mini baki, ga magana cike da cikina. Daidai lokacin jaririyar ta miƙa hannu za ta cafki ƙwallon dabino, ya yi wuf ya hana ta da Larabci, "La, la, ya Ummi!" Sai wani abu ya faɗo mini a rai. Tunda suka sauka ban ji ya kira yarinyar nan da komai ba sai Ummi.

Na ce, "Kai, na wajena. Yaya sunan 'yarka?"

Ya dube ni da mamaki, ya amsa da Larabci yadda ya saba. "Ummi mana, Gwaggo."

"Ban tambaye ka abin da kake ce mata ba. Sunanta na yanka nake tambaya."

"Ai kin sani. Sunan Inna ne."

"Na manta, tsufa ya zo. Faɗa mini."

Ya yi dariya ya sosa ƙeya. Ya buɗe baki, ya saci kallon uwarsa, ya rufe. Sundus ta tuntsire da dariya har tana ƙwarewa. Ta ce, "Gwaggo, wallahi kin kama shi! A asibitin yara a can, in ma'aikaciya ta tambayi sunan yarinya, sai ya zungure ni da gwiwar hannu in faɗa. Ranar da ya kai ta shi kaɗai, katinta ya ciro ya nuna musu kamar kurma. Matar ta ɗauka ba 'yarsa ba ce, saura kaɗan ta kira masu tsaro!"

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Af! Ashe ba ka son 'yarka."

Ya zabura. "Haba Gwaggo! Wace irin magana ce wannan?"

"To me ya hana ka kiran sunanta?"

"Nauyi yake yi mini. Sunan Inna ne fa. In na zo faɗa sai in ji..." Ya ɗora hannu a maƙogwaro yana neman kalma. Bai ƙarasa ba. Hannun ya tsaya a wurin, dariyar ta ɓace daga fuskarsa, ya juya a hankali ya kalli uwarsa. Ni kuma na ɗauki dabino na jefa a baki, don rantsuwata tana nan lafiya ƙalau, ban faɗi komai ba.

Yaya Ƙaltume ba ta ɗago ba. Ta zaunar da jikar a cinya suna fuskantar juna, ta riƙe 'yan hannayenta, ta fara yi mata magana kamar su biyu ne kaɗai a gonar.

"Takwara, ke da kike da bakin Turawa, zan ba ki saƙo ki kai wa ubanki. Ki ce masa littafi ya yi daɗi. Wurin tsiren nan na yi dariya har cikina ya ƙulle. Amma akwai gyara. Ki ce masa Gwaggonsa ba ta iya shanya na'ana ba, a rana take zubawa ta ƙone."

Na ce, "Kai, Yaya! A gaban mutane?"

Ba ta kula ni ba. "Ki ce masa yajin nan, in ya ji ya yi laushi, turmin kakata ne. Ki ce masa ranar da ya faɗi a ƙanƙara, tun kafin ya faɗa wa kowa na ji a muryarsa, shi ya sa na yi saurin miƙa wa Marwa wayar, don kada ya ji tawa. Ban iya cin abinci ba sai da aka cire masa ɗaurin. Matar nan mai kitso kuma, ki ce ya gaishe ta, ina sa ta a addu'a a Harami, Allah ya biya ta abin da ta yi mini."

Jaririyar ta kama mayafinta tana ja tana gwaranci. Marwa na share hawaye da bayan hannu, Hassana ta cire tabarau. Yaya Ƙaltume ta jawo jakarta ta fito da littafin, ta ɗora a cinyar yarinyar.

"Ungo, miƙa masa. Ki ce masu buga littafin nan ba su da kirki, ruwan zinarensu ba ya riƙo. Ya sake rubuta mini da alƙalami mai kyau."

Sa'id ya matso da gwiwa ya karɓa. Ina kusa da shi, na gani da idona. Sunan littafin a sama yana nan yana ƙyalli kamar ranar da ya zo. Nasa sunan a ƙasa kuwa ya goge tas, sai shatin haruffan da ɗan duhun da yatsa ya bari. Ya daɗe yana kallon wurin, ya sa nasa yatsan a kai.

Ita kuma ta sake jawo jikar ta kara bakinta a kunnenta, amma da muryar da kowa zai ji. "Saura ɗaya, takwara. Ki ce masa ya dawo gida haka nan. Na gaji da ɗaure ƙunshi."

Sa'id ya goge fuska da hannun riga. Ya sunkuya daidai kan 'yarsa, ya kama ɗan yatsan ƙafarta, ya yi magana da Hausa, Hausar da rabon da in ji ta a bakinsa tun yana bina baƙala.

"Ummi, ki ce wa Inna na ji. Ki ce mata na dawo."

Guɗar da na saki, tantabarun gonar gaba ɗaya sai da suka tashi. Jaririyar ta firgita ta tsala kuka, Sundus na dariya tana hawaye, Marwa ta faɗa jikin yayanta. Yaya Ƙaltume ta miƙa wa uwar 'yarta, ta miƙe ta karkaɗe zane, ta ce bari ta je ta duba tukunya.

Na ce, "Yaya, wace tukunya? An wanke su tun ɗazu, suna cikin mota."

Ta tsaya ta ba mu baya, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya ce ko ɗayan. Can ta juyo, ta sunkuya ta tsince tsire mafi kyau da ya rage a faranti. Na miƙa hannu yadda na saba don in karɓa in ba shi. Ta kewaye hannuna, ta ajiye a gabansa da kanta.